Layin Ƙanwata da Sunan Mijinta

Ni na ce mata ta bar shi ya sa sunansa. Wannan zan fara faɗa tun kafin in zagi kowa, domin akwai mutane da yawa da nake son zagi, kuma ba na so a ce na tsallake kaina.

A shekarar da aka ce kowa ya sake rajistar layin wayarsa da katin ƙasa ko a rufe layin, unguwarmu Nima, a nan birnin Ankara, ta rikice. Mu 'yan Zango samun katin nan ba wasa ba ne. Ka yi layi tun safe a harabar wata makaranta a Kanda, rana ta gasa ka, in ka isa gaban tebur a dubi sunanka a dubi mayafinka a ce, ina ne garinku? Ka ce Nima. A ce a'a, garinku na asali. Ubanmu a unguwar Lagos Town ta nan Ankara aka haife shi, tun ba a mayar da sunan New Town ba. Kakanmu ne ya zo da fataucin goro, ƙashinsa ma a ƙasar nan yake. Ni dai da aka yi mini tambayar nan karo na uku, sai na juye harshe na sauke musu kwandon masifa da yaren Ga tsantsa, irin wadda masu kifi ke yi a bakin teku, har wata a cikinsu ta ce a ba matar nan katinta ta tafi. Ƙanwata ba haka take ba. Aka ce mata ta kawo takardar haihuwa, ta ce to, ta juyo gida. Ba ta da ita. A ɗakin uwarmu aka haife ta, wa ya rubuta?

Ita kuwa layin nan shi ne shagonta. Lallen amare take yi, kuma duk Zangon Ankara ba a rasa wadda ta san hannunta. Ni ina da rumfar mayafai a kasuwar Nima, in an neme ni an san inda nake. Ita lambar ce rumfarta, shekara goma sha wani abu tana riƙe da ita. Ta zo mini ido ya raina fata, ana saura kwanaki a rufe. Na ce mata, ba mijinki yana da kati ba? Ya je ya yi miki da nasa mana, me za ki tsaya kina ƙonewa a rana? Ta ce, "Yaya, kana ganin ba komai?" Mu nan galibi kowa "kai" ne a bakinmu, mace da namiji. Na ce ba komai, rabin matan lungunmu haka suka yi. Gaskiya ne kuwa, haka suka yi.

Na san yana dukanta. Ba zan yi ƙarya in ce ban sani ba. Amma ban taɓa haɗa duka da sim a kaina ba, ɗan abin da bai kai farce ba.

Mijin nan kayan babur yake sayarwa, kuma in ka gan shi sai ka ba shi ajiyar 'yarka. Sahun gaba a masallaci, murya ƙasa-ƙasa, in zai gaishe ni har ya rusuna. Allah bai ba su haihuwa ba, wannan ma laifinta ne a wurinsa. In ta yi dare a gidan biki laifi, in ta ƙi zuwa aiki laifi. Ranar da zaman nasu ya ƙare, ƙofa ya datse mata a hannu, hannun dama, yatsu biyu suka karye. Ya san hannun da ya zaɓa. Da safe ta zo rumfata ta naɗe hannun da ɗankwali, ta zauna bayan tulin mayafai. Na kwance ɗankwalin na gani, na rufe rumfa.

Ba gidana na kai ta ba, nan zai fara zuwa. Unguwar Maamobi na kai ta, gidan Gwaggonmu, ƙanwar ubanmu. Gidan yana can ƙuryar lunguna, inda sai ka karkace kafaɗa kafin ka wuce, kuma bai taɓa zuwa ba. Muka nemi takardar saki ya hana. Bayan kamar mako guda layinta ya ɗauke, wayar ta daina kama komai. Na ce shi ne, ya je ya sa an rufe don mugunta, to Allah raka taki gona. Na saya mata sabon sim da katina. Har daɗi na ji, wai mun rabu da shi.

Akwai gurup ɗinmu na matan biki a waya, mata sun fi ɗari, daga Nima, Maamobi, New Town har Kanda. Nan ake sanar da aure da suna da rasuwa, nan ake nuna atamfar da za a ɗinka iri ɗaya. Magajiyarmu, wata dattijuwa mai faɗa a ji, ita ke riƙe da shi. Na ba ta sabuwar lambar ta saka. Tsohuwar ba wanda ya tuna da ita. Tana nan da hoton ƙanwata a jiki, mu a zatonmu gawa ce.

Yatsun suka warke, ɗaya ya ɗan karkace, ta koma aiki. Ba za ta zauna tana cin tuwon Gwaggo a banza ba, ta ce. Aikin farko a New Town ne. Ta gama wa amarya da ƙawayenta wajen la'asar, ta fito da jakarta, sai ga shi a tsallaken titi, zaune kan babur yana cin gasasshiyar ayaba da gyaɗa. Hannu kawai ya ɗaga mata, kamar maƙwabci. Ta koma cikin gidan da baya, sai da aka fitar da ita ta ƙofar wani gida.

Na ce tsautsayi ne, Ankara ba ta da girma. Mako na gaba a Kanda, ga shi. Na gaba a can bayan babban gota, magudanar ruwan unguwa, ga shi, har ya riga ta isa. Bai taɓa matsowa ba, bai taɓa zagi ba. Tsayuwa kawai yake yi. Wanda bai taɓa ganin abin da tsayuwar mutum ke yi wa mace ba, ba zai gane ba. Ƙanwata ta daina cin abinci. In babur ya wuce sai mazubin lallen ya kuɓuce mata. Zanen da take yi siriri kamar gashi ya fara karkacewa, har wata amarya ta yi ƙorafi.

Sai wata Laraba da hantsi Gwaggo ta fito zubar da ruwa, ta same shi a ƙofar gidanta. Ya rusuna ya gaishe ta, ya tambayi lafiyar ƙafarta, ya ajiye ledar lemo ya tafi.

Nan hankalina ya tashi, kuma ni in hankalina ya tashi wani ne ke shan wahala. Na kai wayarta wurin wani mai gyara a kasuwar wayoyi ta Sakul, na ce an sa mata abin bibiya. Ya duba, ya ce bai ga komai ba, na ce ka goge komai duk da haka, ya goge har hotunan zanenta na shekaru. Gwaggo ta ce kiranye ne, ta karɓo rubutu aka sha, aka turara hayaƙi har maƙwabta suka yi tari. Da duk wannan bai hana ba, sai na juya kan matar ɗan Gwaggo, wata baiwar Allah da laifinta kawai shi ne yawan riƙe waya. A tsakar gida, gaban yaranta, na ce mata munafuka, nawa ya ba ka? Ta yi kuka ta rantse da Alƙur'ani. An bar jaki ana dukan taiki, kuma ni ce mai sandar. Har yau in na shiga gidan sai ta shige ɗaki, kuma tana da gaskiya.

Wata uwar amarya ce ta warware mini abin, ba da niyya ba. Ta zo rumfata zaɓar mayafai, tana ɗagawa tana ajiyewa, sai ta ce, "Ƙanwarka fa ta waye. Jiya na kira ta ba ta ɗauka ba, sai ta rubuto mini da Turanci, wane gida ne, ƙarfe nawa."

Na ce, rubutawa ta yi?

"Ehee. Har da tenkiyu."

Ƙanwata a aji huɗu ta bar makaranta. Tunda ta riƙe waya ba ta taɓa rubuta wa kowa kalma ba, saƙon murya take turawa, mai tsawo, da sallama da gaisuwar kowa da kowa. Na ce ba ni wayarka. Na duba, tsohuwar lambar ce, da hotonta tana murmushi cikin mayafin da ni na ba ta.

Bai rufe layin ba. Zuwa ya yi ofishin kamfanin da katinsa ya ce sim ɗinsa ya ɓata, aka ba shi sabo. Ya sa a wayarsa, ya zama ita. Watanni yana zaune a tsakiyarmu, mata ɗari da wani abu, yana jin komai. Mu kuwa me muka iya in ba sanarwa ba? Duk gidan da ta shiga sai wata ta ɗauki bidiyo: ga mai lallenmu ta iso, ku zo ku ga hannu. Na ja saƙonnin baya ina saurara a tsaye, har na iso kan muryar Magajiya da kanta. Wata ce ta tambaya ina ake samun mai lalle yanzu, Magajiya ta amsa da zuciya ɗaya: tana gidan Gwaggonta a Maamobi, in kin wuce masallaci mai koren ƙofa ki bi lungun mai ƙosai, gida na uku bayan famfo. Mu a Zango ba mu da lambar gida, kwatance muke yi, kuma mun iya shi. Hana mutum kwatance rowa ce a wurinmu. Da bakinmu muka kai shi har ƙofa.

Abin da na yi bayan nan shi ne kuskurena na biyu, kuma ya fi na farko. A nan cikin kasuwa, da wayar matar, na danna lambar na yi ta kira har ya ɗauka. Na ce na san kai ne, matsiyaci, ɓarawon layi, mai laɓewa cikin mata. Na zage shi da Hausa, na zage shi da Ga, na ƙara da Tuwi don kada wani zagin ya ji an bar shi a baya. Masu tumatir suka taru. Da na tsaya shan iska sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Yaya, ina wuni? Ya kasuwa?" Ya kashe.

Daga nan gidan Magajiya na wuce. Na ce ta cire lambar yanzu. Wai ita sai ta tsaya yi mini bayani, cire mutum daga gurup wulaƙanci ne, za a ce an kori yarinyar, a bari a yi shawara ranar Lahadi. Na fizge wayar daga hannunta na cire da kaina. Ta ce ban da kunya. Na ce kunya ce ta kawo mu nan.

Washegari na ja ƙanwata zuwa ofishin 'yan sanda, sashen da ke sauraron ƙarar mata. Wadda muka samu 'yar arewa ce, Hausarta ta fi tamu tsabta. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse mu ba, ta dubi yatsan da ya karkace, ta rubuta. Sannan ta dube ni ta ce, "Hajiya, me ya sa kika kira shi?"

Na ce to me zan yi, in yi masa guɗa?

Ta ce, "Da kin yi shiru kwana biyu. Da mun ɗauki hoton duk saƙon da ya tura da sunanta, da ranar, da lokacin. Duk inda ya tsaya a rubuta, a sami mai shaida. Yanzu kin gaya masa kun gane."

Haka kuwa aka yi. Kafin mu koma ya bi ya goge abin da zai iya gogewa. Na ruga wurin uwar amaryar nan don ta ba ni nata, ta ce ta share, ita ba ta shiga tsakanin mata da miji, kada a kira ta kotu ana saura kwana huɗu bikin 'yarta. Na tsaya a ƙofarta na rasa wanda zan zaga, don a wannan karon ni ce na zubar da hujjar.

Mun je ofishin kamfanin layin ma. Yarinyar da ke kan tebur ta duba na'urarta, ta juyo da ita don in gani, ta ce cikin ladabi, "Madam, layi na wanda sunansa ke kai ne." Na ce shekara goma sha tana riƙe da shi, kowa ya sani, ku kira duk wanda ke ciki ku tambaya. Ta ce ta yarda, amma ba abin da za ta iya. Ban yi mata masifa ba. Sunansa ne a rubuce, kuma na san wadda ta ce a rubuta.

'Yar sandan ba ta yar da mu ba, Allah ya saka mata. Da takardar asibiti ta yatsun da shaidar Gwaggo aka samu kotu ta ba da takardar hana shi kusantar ta. Amma kafin nan sai da dattawan unguwa suka kira zama, wai me ya sa muka kai maganar gida hukuma. Aka shimfiɗa tabarmi a zauren wani Alhaji, mijin ya zo da farar riga ya zauna yana jan carbi. Aka ce ya yi magana. Ya ce, "Layina ne, matata ce. Tsayuwa a bakin titi laifi ne?" Wani tsoho ya juyo ya tambayi ƙanwata, tun da kika fita ya taɓa ki? Ta ce a'a. Ya zage ki? A'a. Sai tsohon ya buɗe hannu ya ce, to ai bikon matarsa yake yi, namijin da ba ya so ba ya bi. Aka gyaɗa kai. Aka ce ta yi haƙuri.

Haƙuri! Na tsani yadda kalmar nan mai kyau ta zama abin da ake toshe wa mace baki da shi. Na miƙe na ce, Baba, in 'yarka ce mutum ya karya wa yatsu, sannan ya shiga rigarta ya zauna cikin mata yana saurare, shi ma biko za ka kira shi? Aka ce in zauna, mace ba ta ɗaga murya a zaure. Na ɗauki takalmana na ja hannunta muka fita.

Takardar kotu ta yi aiki, ƙafarsa ta daina zuwa. Sai dai lambar ba ta buƙatar ƙafa. An cire shi daga gurup, amma ya riga ya kwashe lambobin kowa, kuma hotonta na nan a jiki. Ya fara rubuta wa maza da sunanta, mazan matan da take yi wa lalle, maganganun da ba zan iya maimaitawa ba. Na shiga gurup na yi saƙon murya har uku, na ce jama'a wannan lambar ba ita ba ce, shi ne, kowa ya toshe ta. Wasu suka toshe. Wasu kuwa suka ce ruwa ba ya tsami banza. Matan da suka yi ta yaɗa inda take, su ne suka koma yaɗa hoton saƙonnin, kowace da "Allah ya shirya" a ƙasa. Na kai wa 'yar sandan waɗanda na samu, wannan karon ban kira kowa ba, ta ce ana bincike, sai an bi hanya. Hanyar tana da tsawo, aure kuwa ba ya jira. Uwar amarya ba za ta kira gidanta macen da aka ce tana rubuta wa mijinta ba, ko da ta san ƙarya ne. A wata biyu ba wanda ya kira ƙanwata ko lallen suna.

Ita ta yanke shawarar, ba ni ba. Wata Asabar da safe ta ce in raka ta tashar mota ta Tudu. Jaka ɗaya ce da ita, da robar kayan lallenta. Muka sauka daga trotro, 'yar bas ɗin haya, masu dako na ture mu, 'yan kamasho na kiran garuruwa ta ko'ina. Na ce wace mota ce, Kumasi ko Tamale, in je in kama miki kujerar taga. Ta tsaya a bakin ƙofar tashar ta karɓi jakar daga hannuna.

"Yaya, ka tsaya nan."

Na ce in tsaya kamar yaya? Ina za ka?

"Ba zan gaya maka ba."

Na buɗe baki zan fara, ta riƙe hannuna da hannun nan mai karkataccen yatsa. Ba fushi a fuskarta, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Na san kana sona. Amma in ranka ya ɓaci, za ka faɗa. Wani zai ce ƙanwarka ta gudu da namiji, kai kuma ka ce ƙarya ne, tana wuri kaza wajen wance. Ka san za ka faɗa."

Na so in ce ba haka ba ne. Ni da na goya ta, na yi mata tsarki, na yi dambe da yaran lungu saboda ita, ni ce aka tsayar a ƙofar tasha kamar baƙuwa. Ta sa na juya baya na fuskanci titi, ta ce kada in waiwaya sai na ƙirga ɗari. Na ƙirga. Ban yi maguɗi ba ko ɗaya.

Tana kira na wani lokacin, ran Juma'a, da ɓoyayyiyar lamba. In na ji kiran sallah ko hayaniyar kasuwa a bayanta sai in yi ta surutu da ƙarfi don kada kunnena ya gane garin. Shi kuwa yana nan, yana wucewa ta gaban rumfata a kan babur, layin yana aljihunsa, wani lokacin har ya rage gudu ya gaishe ni. A gidan biki mata kan matso su ce, wai ina ƙanwarka take yanzu, ba mu sami mai hannunta ba. Sai in ce ban sani ba. Su taɓe baki, suna zaton rowa nake yi musu. Wallahi ban sani ba.